Kwasakwasa: Aikin Jakarsa, Inda Yake Zama, da Dalilin da Ake Zuwa Kallonsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wani ƙaton farin tsuntsu mai jaka a ƙarƙashin baki, aka ce kwasakwasa ne. Shin da gaske a jakar yake adana kifi? Akwai shi a ƙasashenmu? Kuma me ke sa mutane su yi doguwar tafiya don kawai su kalle shi, alhali masunta na cewa ɓarnar kifi yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na ji daɗin wannan tambaya, domin tsuntsu ne da kusan kowa ya san hotonsa amma kaɗan ne suka san halinsa.

Bari in fara da jakar, tunda ita ke fara ɗaukar ido. Ba wurin ajiya ba ce, abin kamu ce. In ka taɓa ganin masunta a Argungu suna kifa homa cikin ruwa su ɗago, to ka ga yadda take aiki. Haɓar tsuntsun ƙasusuwa biyu ne sirara masu lanƙwasuwa, fatar jakar tana rataye a tsakaninsu. Da ya tsoma baki cikin ruwa sai ƙasusuwan su buɗe gefe da gefe, fatar ta cika, ta ɗebo ruwan da ya haura lita 10 a tsoma ɗaya, fiye da abin da cikinsa zai ɗauka nesa ba kusa ba. Daga nan sai ya sunkuyar da bakin, ya matso jakar jikin ƙirjinsa, ruwan ya tsiyaye ta gefe, kifin ya rage. Sai ya ɗaga kai ya haɗiye shi, kan kifin na gaba. A ƙarshen bakin na sama akwai ɗan ƙugiya da yake riƙe kifi mai santsi da shi, irin su tarwaɗa. Abincin da zai kai wa 'ya'yansa a cikinsa yake tafiya da shi, in ya isa ya amayo musu. Da zai tashi da jaka cike da kifi, nauyin zai rinjayi gabansa.

Jakar na da wani amfanin kuma. Tsuntsu ba ya gumi. In rana ta take, za ka ga kwasakwasa ya buɗe baki yana kaɗa fatar jakar da sauri-sauri, iska na ratsa ta tana sanyaya jinin da ke zagayawa a ciki. Wani lokaci kuma yakan miƙe wuya ya juyo jakar ciki-waje a kan ƙirjinsa don ya miƙar da fatar. Wanda bai saba gani ba sai ya ɗauka ciwo ne ya kama shi, alhali lafiyarsa ƙalau.

Akwai wani abu a jikinsa da ba a gani a hoto, kuma a wurina shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa baki ɗaya. Ƙarƙashin fatarsa da cikin ƙasusuwansa cike suke da guraben iska. Wannan ya sa duk girmansa yake yawo a saman ruwa sakayau, amma kuma ya hana shi nutso. Iyakar inda wuyansa da bakinsa suka kai, nan ne iyakar abincinsa. Saboda haka ruwa mai zurfi ba ya yi masa amfani komai yawan kifin da ke ƙasa. Nasa shi ne fadama, bakin tafki, mashigar kogi cikin teku, da ruwan ambaliya da ya fara janyewa ya bar kifi a cunkushe. Yatsun ƙafarsa huɗu duk fata ta haɗe su, saɓanin agwagwa da uku ne kawai a haɗe, shi ya sa yake da ƙarfin iyo, a tudu kuwa tafiyarsa da ƙyar.

A duniya iri 8 ne, kuma ana samun su a kowace nahiya ban da Antaktika mai ƙanƙara. Uku suna nahiyar Amurka. Na Ostireliya ne ya fi kowane tsuntsu mai rai tsawon baki, yakan kusanci rabin mita. Akwai wani a Indiya da maƙwabtanta, akwai wani ƙato mai cukurkuɗaɗɗen gashin ƙeya daga kudu maso gabashin Turai har zuwa Mongoliya. Namu na Afirka biyu ne, su ya kamata ka iya rarrabewa.

Na farko shi ne babban fari, wanda masana ke rubuta sunansa Pelecanus onocrotalus. Namiji kan kai kilo 9 zuwa 15, tamata ba ta kai shi ba. In ya buɗe fukafukai, daga wannan ƙarshe zuwa wancan yakan kai mita 3, wani ma ya haura. Fari ne fat, amma lokacin aure farin yakan ɗauki ruwan hoda, goshinsa ya kumbura, ƙirjinsa ya yi ɗan rawaya-rawaya. Jakarsa ruwan ɗorawa ce, kuma kewayen idonsa fata ce tsirara mai faɗi wadda ta haɗe da gindin baki. Na biyu, Pelecanus rufescens, ƙarami ne a kansa, kilo 4 zuwa 7. Launinsa ya fi karkata ga ruwan toka, sai ka ga kamar farin ya yi dauɗa. Jakarsa ba ta da kaifin launi, yana da ɗan baƙin tabo a gaban ido da ɗan tukku a ƙeya. Ana kiransa mai bayan ruwan hoda, amma kada ka dogara da wannan wajen gane shi, domin launin yana ɓoye ƙarƙashin fiffike, sai in ya tashi ake hango shi, shi ma ba kullum ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi ƙarƙashin fiffike in yana sama. Na babban fari ne da baƙi, iyakarsu a fili kamar an ja layi. Na ƙaramin kuwa toka-toka ne, babu tsayayyar iyaka. Halinsu ma ya bambanta: babban ɗan taro ne, yana kiwo cikin garke, yana ƙwai a ƙasa, ƙaramin ya fi son su shi kaɗai ko su biyu-uku, kuma a kan bishiya yake sheƙa, har kan kuka, wani lokaci a cikin gari. In suka daɗe suna sheƙa a bishiya ɗaya kashinsu kan kashe ta, sai su koma wata. Abin da zai iya rikita ka shi ne 'ya'yan babban, domin kafin su girma ruwan ƙasa ne, mutum sai ya ɗauka wani iri ne daban.

Mutane da yawa suna haɗa shi da babba-da-jaka, tunda shi ma yana da abu a wuya. Ba danginsu ɗaya ba. Babba-da-jaka dogayen ƙafafu gare shi, kansa sanƙo, jakarsa a wuya take rataye ba a baki ba, iska ce a cikinta, kuma mushe da juji ne wurinsa. Haka kuma akwai wata babbar shamuwa fara mai baƙin fiffike da ke zuwa mana daga Turai, wadda daga nesa za ka iya ɗaukar ta kwasakwasa. Ita tana miƙe wuya ta ja ƙafafu a baya in tana tafiya a sama. Shi kuwa yana janye kai ya kwantar da shi tsakanin kafaɗu, ƙafafunsa gajeru ba sa wuce wutsiya.

To, a ina yake zama? A nan ne lamarin ya fi ban sha'awa. Babban farin yana buƙatar abu biyu waɗanda ba kasafai suke haɗuwa wuri ɗaya ba: ruwa marar zurfi mai yawan kifi, da wurin ƙwai da kura, dila, kare ko mutum ba zai iya kaiwa ba. Galibi tsibiri yake nema. Inda babu tsibiri sai ya hau dutse. Dutsen Wase a jihar Filato, wanda ya tashi tsaye kusan mita 300 a tsakiyar fili, yana cikin 'yan wuraren da masana suka rubuta cewa wannan tsuntsu na hayayyafa a Afirka, kuma saboda shi aka keɓe kewayen dutsen a matsayin mafakar tsuntsaye. Babu tafki a kan dutsen, manyan ruwaye irin Binuwai suna da nisa, amma ganuwar dutsen ta ba shi abin da ya fi kifi wuyar samu, wato kwanciyar hankali. Irin haka aka sani a duwatsun Kapsiki na arewacin Kamaru da wani dutse a yankin Gera na ƙasar Cadi. A Kenya kuwa suna ƙwai a tsibiran tafkin Elmenteita su je kiwo tafkin Nakuru, inda aka zuba wata ƙaramar karfasa wajen 1960, kifin ya yaɗu, tsuntsayen suka biyo shi da dubbansu. A Habasha tsibiran tafkin Shala ne wurin ƙwan, abincin kuma a wasu tafkunan.

Abin da ya ba shi damar raba gida da wurin kiwo shi ne gwanintarsa a sama. Tashinsa daga ruwa aiki ne: sai ya fuskanci iska, ya yi ta dukan ruwa da ƙafafu biyu a tare yana kaɗa fukafukai kafin ya ɗaga. Amma da hantsi ya yi, ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi ta fara hawa sama, sai garken ya shiga cikinta yana kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, yadda ungulu ke yi, har su zama ɗigo-ɗigo. Daga can su zuro zuwa inda wata iskar ke tashi. Da wannan dabara tsuntsu ɗaya kan yi tafiyar kilomita 100 neman abinci ya komo. In kuma suna ƙasa-ƙasa, jeri suke yi, ko layi ɗaya ko siffar harafin V. A 2001 wasu masu bincike daga Faransa sun wallafa gwajin da suka yi a Senegal, inda suka ɗaura wa kwasakwasa na'urar auna bugun zuciya, suka tarar cewa waɗanda ke cikin jeri zuciyarsu ba ta bugawa da sauri kamar ta mai tafiya shi kaɗai, domin iskar da fiffiken na gaba ya tayar tana tallafar na baya. Mutane sun daɗe suna zaton haka, amma a jikin wannan tsuntsu aka auna aka gani.

Wasu daga cikinsu baƙi ne. Mashigar kogin Danub a Romaniya ita ce babbar mahaifarsu a Turai. Da kaka sukan taso ta Turkiyya, su bi gabashin Bahar Rum, su shigo Afirka ta Masar su bi Nilu zuwa kudu, domin ba sa iya ratsa babban teku, iska mai ɗagawa a kan tudu take tashi. Na Afirka ta Yamma kuwa yawancinsu 'yan gida ne, ruwa suke bi duk inda ya yi.

A yammacin Afirka babu inda ya kai gandun tsuntsaye na Juj, a mashigar kogin Senegal, kimanin kilomita 60 daga birnin San Luwi. An kafa shi a 1971, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris dubban kwasakwasa ne ke taruwa a wani tsibiri su yi ƙwai, ana kai baƙi cikin jirgin ruwa su hango daga nesa. Kusa da mu kuma akwai tafkin Cadi, tafkin Fitri, fadamar Waza da Logon a Kamaru, da fadamun kogin Kwara a Mali. Fadamun Haɗejiya da Nguru, har da Dagona da Baturiya, irin mazauninsa ne, sai dai ganinsa a can yanzu sa'a ce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma kwasakwasa ba ya iya su a cikin ciyawa mai kauri. A lissafin duniya nau'ukan nan biyu ba su cikin haɗarin ƙarewa, amma wannan ba ya hana su ɓacewa daga wani yanki, kuma hakan ne ke damuna.

Hayayyafarsa ma tana bayyana raunin nasa. Tamata kan yi ƙwai biyu, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci kimanin wata guda, kuma da fatar ƙafafunsu suke rufe ƙwan. Ɗan yakan fito tsirara, daga baya ya yi baƙin gashi. Sau da yawa ɗaya ne ke rayuwa, domin wanda ya riga ƙyanƙyashewa yana danne ƙanensa wajen abinci. In sun yi 'yan makonni sai su taru gungu-gungu, amma kowace uwa ɗanta take ganewa ta ciyar. Ɗan yakan cusa kansa har wuya cikin maƙogwaron mahaifinsa ya ciro kifi, abin kamar kokawa. Sai sun haura wata biyu kafin su iya tashi. Wato kusan wata huɗu ke nan garken yana buƙatar kada a dame shi, kifi kuma kada ya yanke. In mutum ya matso da kwalekwale suka firgita suka tashi gaba ɗaya, wasu ƙwan ƙafar iyayen ce za ta fasa su, wasu rana ta dafa su, wasu hankaka ya kwashe. In abin ya maimaitu sukan watsar da wurin dungurungum, shekarar ta tafi a banza.

Maganar masunta ba zan ce ƙarya ba ce. Babban kan ci kilo 1 ko ɗan fiye a rana, don haka garken tsuntsu 1,000 ya haura tan guda na kifi kullum. A kududdufin kiwon kifi asara ce ta gaske, kuma mai shi yana da haƙƙin ya kare abinsa da raga ko igiyoyin da ake jerawa a saman ruwa, tunda tsuntsun na buƙatar fili kafin ya sauka ko ya tashi. A Isra'ila, inda dubbansu ke yada zango lokacin ƙaura, har kifi ake zuba musu a wasu tafkuna don a janye su daga gonakin kifi. Amma a babban ruwa lissafin daban ne. Kwasakwasa ba ya zama inda kifi ya yi ƙaranci, tashi yake ya bar wurin. Yawancin abin da yake kwasa kifin da ya cunkushe ne a ruwa mai ƙafewa. Abin da ya fi cinye kifinmu shi ne raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, da zuba guba, da toshewar ruwa. A ganina masunci da kwasakwasa buƙatarsu ɗaya ce, kuma in tsuntsun ya daina zuwa, masuncin ne ya kamata ya fara tambayar abin da ya sami ruwan.

Me ke kai mutane kallonsa? Na farko, girmansa. Yawancin tsuntsayen da masu wannan sha'awa ke bi ƙanana ne, sai an yi ta leƙe cikin ganye. Wannan kuwa ko yaro zai gan shi ya fahimci abin da yake yi. Na biyu, kuma shi ne ya fi kama ni, kamun kifin da suke yi tare. Da sanyin safiya za ka ga kamar 8 zuwa 12 sun jeru sun yi baka, buɗaɗɗen gefen yana fuskantar gaɓa. Suna iyo a hankali, suna kora kifi zuwa inda ruwa bai da zurfi. Can sai duk su ɗaga fukafukai kaɗan, su tsoma baki a lokaci ɗaya, ba wanda ya riga wani. Su ɗago, ruwa na zuba daga jakunkuna, wanda ya samu ya ɗaga kai ka ga tudun kifin yana gangarawa cikin wuya, sauran su gyara layi a sake. Babu kuka, babu hayaniya, domin babban kwasakwasa kusan shiru yake in ba a wurin ƙwai ba, inda yake gurnani. Mutum zai iya zama awa guda yana kallon wannan bai gaji ba.

A Amurka abin kallon wani ne daban. Nasu mai ruwan ƙasa, mazaunin bakin teku, shi da ɗan'uwansa na Peru su ne ke faɗowa daga sama. Yakan taso daga tsayin mita 10 ko fiye, ya naɗe fukafukai ya soki ruwa, yana ɗan karkata hagu don ya kare maƙogwaronsa da ke gefen dama na wuya. Tarihinsa ma yana jan mutane. Mafakar namun daji ta farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa, a 1903 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, wani ɗan tsibirin kwasakwasa ne a Fulorida. Daga baya maganin ƙwari na DDT ya bi ruwa ya shiga kifi, ya sa ɓawon ƙwan ya yi laushi har yana fashewa ƙarƙashin ƙafar iyaye. Aka sa tsuntsun cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1970, aka hana DDT a 1972, ya farfaɗo har aka cire shi daga jerin a 2009. A Landan kuwa tun 1664 ake ajiye kwasakwasa a lambun St James's, asalinsu kyautar jakadan Rasha.

In kana son ka gani da idonka, ka nufi ruwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ambaliya ke janyewa, tsuntsayen ƙaura ma sun iso. Ka fita da asuba don ka ga kamun kifinsu, ka jira hantsi don ka ga tashinsu. Madubin hangen nesa mai ƙara girma sau 8 ya wadatar. Ka sa rana a bayanka, ka sa tufa marar haske, kuma ka fara da gaida sarkin ruwa ko dattawan masunta, domin sun fi kowa sanin inda tsuntsayen ke sauka da watan da suke zuwa. Wasu sassan tafkin Cadi ba su shiguwa saboda rashin tsaro, kada sha'awa ta kai ka inda mutanen wurin suka ce kada a je. Game da tazara kuwa, tsuntsun da kansa zai gaya maka: in suka daina abin da suke yi suka miƙe wuya suna dubanka, ka riga ka matso da yawa, ja baya. Wurin ƙwai kuwa ba a sauka a kansa ko don hoto, kuma ba a tura jirgi marar matuƙi a kansu.

In ka tarar da matattu da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada ka bari a ɗauka a ci, ka sanar da jami'an lafiyar dabbobi. A Janairun 2021 murar tsuntsaye ta kashe kimanin 750 a Juj, kusan dukansu ƙanana, a 2022 kuma ta yi mummunar ɓarna a tafkin Prespa na ƙasar Girka. Cutar na iya kaiwa ga kaji, wani lokaci har ga mutum.

Duk wanda ka gani ka rubuta: rana, wuri, adadi, da wane ne cikin biyun. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana tattara irin waɗannan bayanai don taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma kowace Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, ana maraba da 'yan sa-kai. Ka lura musamman ko akwai masu ruwan ƙasa, wato 'ya'yan, a cikin garken, ka ƙirga su daban da farare, domin yawansu ne ke nuna ko hayayyafar shekarar ta yi kyau.